Masu harbin sama a biki, ku zo mu yi lissafi

1/ Jama'a yau sai na yi magana, ko da wasu za su ji haushi. Makon jiya an yi biki a unguwarmu nan Randagi. Wajen rakiyar amarya samari suka hau harbi sama. Washegari matar yayana tana shara ta tsinci harsashi a kan tabarma, ga huda a kwanon rufi. Taku biyu ne tsakaninsa da inda jaririnta yake kwana.

2/ Na je na sami masu harbin. Ɗaya ya ce min: "Haba Malam, ai sama muka yi, kuma mun san hannunmu." Wallahi wannan "mun san hannunmu" ita ta hana ni barci. Bari in ba ku labarin waɗanda suka san hannun nasu da gaske.

3/ A Bisley ta ƙasar Ingila ana gasar harbin allo daga nisan yadi 1,000, wato mita 914. Maharbi yana kwance rub da ciki, da rana tsaka. Allon ba ya motsi. An auna nisan, an san nauyin harsashi, an san gudunsa.

4/ Duk da haka sai an yi lissafi. A wannan nisan harsashi kan sauka wajen mita 10 ƙasa da inda bakin bindiga ya nufa. Iskar gefe mai gudun kilomita 16 a awa kan ture shi sama da mita 2. Zafin rana ma yana canza inda zai faɗa.

5/ Ga tutoci a filin suna nuna iska, ga lissafi an yi shi tun daga gida. Amma sai an ba su harbin gwaji kafin a fara ƙirga maki. Me ya sa? Don lissafi bai san abin da iska za ta yi a tsakiyar fili ba. Gwanaye kenan fa, kuma suna kuskure.

6/ To kai da kake tsaye cikin dare, hannu ɗaya, ana kiɗa kana rangaji, wane lissafi ka yi? Harsashin AK-47 yana fita da gudun kusan mita 715 a daƙiƙa, ninki biyu na gudun sauti. In bindigar ta karkata, zai iya wuce kilomita 2. Ka san wa ke kwance a can?

7/ Masu cewa "ai a sama yake ƙarewa", ku saurara. Wani hafsan sojan Amurka, Julian Hatcher, ya kawo gwajin da aka yi a littafinsa na 1947. An saita bindiga sama ɗoɗar aka yi harbi 500. Guda 4 kacal suka dawo kan dandamalin da aka kafa ta. Sauran iska ta kai su inda ta ga dama.

8/ Kuma suna saukowa da gudun kusan mita 90 a daƙiƙa, sama da kilomita 300 a awa. Wannan ya isa ya huda fata. Wanda aka harba a karkace ya fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba.

9/ Wani asibiti a Los Angeles ya karɓi mutum 118 da irin wannan harsashi ya faɗo wa tsakanin 1985 da 1992. Mutum 38 sun mutu. Yawancinsu a ka ya same su.

10/ Kar wani ya ce ina zagin masu tsaron gari. Na san shekarun da muka yi ba ma iya zuwa gona, na san abin da ya riƙa fito mana daga dajin Kamuku. Waɗanda suka hana idonsu barci dominmu, Allah ya saka musu.

11/ Amma tun sulhun Nuwamba 2024 da aka buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mutane suka fara samun barci. Daren bikin nan tsofaffi da yara sun watsa cikin gonaki, sun ɗauka an shigo. Wata gwaggona ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Wannan ce murnar?

12/ In ya faɗo wa wani kuma, sai a ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma wanda ya ja kunamar bindiga a tsakiyar gari ganganci ya yi, kuma hakkin rai na wuyansa.

13/ Roƙona ga iyayenmu masu unguwanni, limamai da shugabannin 'yan sa-kai: a hana harbi a biki, a suna, a Sallah. Kalangu da guɗa sun ishi amarya. Gidan da aka yi harbi a bikinsu, a kira uban ango ya yi bayani.

14/ Kome nisan jifa ƙasa zai faɗo. Harsashin yana aljihuna yanzu haka. Duk wanda ya ce ya san hannunsa, ya zo ya faɗa min ta yaya ya shiga ɗakin yayana.