A mayar da duma cikin darasin aikin hannu

A makarantun firamare da yawa, darasin aikin hannu ya koma "gobe kowa ya kawo tsintsiya." Uwa ta ba da kuɗi, yaro ya sayo a kasuwa, malami ya ba shi maki. Na daɗe ina koyarwa a firamare, kuma shawarata ita ce a sa kowane ɗan aji biyar ya haɗa gangar duma da hannunsa.

Aikin ba wuya, amma ba ya son gaggawa. Duman da ya bushe sarai ake nema, wanda in ka ƙwanƙwasa zai amsa, in ka girgiza ka ji 'ya'yansa na motsi. A fafe samansa, a kankare totuwa tas, don in an bar ta sai ta shanye amo. Sai fatar akuya: a jiƙa ta ta kwana, a cire gashi, a yanka ta ta zarce bakin duman da kamar faɗin yatsa uku. A huda gefenta da basilla, a zura tsirkiya, a riƙa ja zuwa wani zobe a gindi. Nan ake gane mai haƙuri. Wanda ya ja gefe guda ya ƙare kafin ya koma ɗayan, fatarsa za ta karkace. Ja nan, ja kishiyarsa, haka ake zagayawa. Sannan a ajiye a inuwa. Yaro zai so ya kai ta rana don ta bushe yau, to sai fata ta tsage ko duma ya dare. In damina ta sa ta saki, a ɗan gasa ta nesa da wuta, murya ta dawo.

A cikin wannan kaɗai yaro ya yi awo, ya ga yadda laima ke sassauta fata, ya gane dalilin da babban duma ke da kauri a murya, ƙarami kuma siriri. Wannan ai kimiyya ce, ba sai an jira kayan gwaji daga Abuja ba.

Ba baƙon abu muke kawowa ba. Goge da gurmi ƙwarya ce da fata. Shantu duma ne dogo. Marigayiya Barmani Coge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, da ƙwarya ta cika filayen biki, wata ƙwaryar a kife kan ruwa. Mosawan Burkina Faso kuwa da gangar duma suke yi wa sarkinsu kirari.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: "Malam, ɗana ba maroƙi ba ne." Gaskiya ne, kuma wanda ya saƙa tabarma a aji bai zama masaƙi ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da kiɗa ba, a bar ɗansa ya fafe ƙwarya ko ludayi, wuƙar ɗaya ce. Ni abin da ya fi damuna shi ne roba ta kori duma daga gidajenmu, har gyartai ya rasa abin ɗinki.

Shugaban makaranta ba ya bukatar takarda daga ma'aikatar ilimi kafin ya fara. A shuka duma a gindin katanga da ruwan farko, yara su kula da shi, a girbe bayan kaka. Fata a nema wajen mahauta, a gayyato baduku ɗaya daga unguwa ya nuna yadda ake yankan tsirkiya, a kuma biya shi ladan aikinsa.