Martani: Wai Magana Jari Ce Ba Namu Ba Ne?

Malam, ka rubuta cewa Abubakar Imam kwaso labaran Magana Jari Ce ya yi daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus, don haka gara ɗalibai su koma wa Dubliners na James Joyce. Haba Malam! Aron kam ya yi, ba mai musu. Amma je Gummi ko Anka ka karanta wa dattawa hirar Waziri Aku da ke cikin littafin, ka ga ko wani zai ce ya ji baƙon harshe. Fadancin nan da baƙar maganar, a Jamus Imam ya samo su? Shi Joyce, a labaransa 15 na 1914, bakin mutanen Dublin ya kama, ka yaba masa. Imam ya kama bakin Hausawa a 1937, kai kuma ka ce kwafi ne.