Tsala Ko Kindirmo: Magana Ga Masu Neman Rage Teɓa A Ƙasar Yawuri

A kasuwar Wara, babban garin Ngaski, da kasuwar Yelwa, akwai wata magana wadda ba a saba ji ba a zamanin iyaye, amma yanzu ta fara yawa a bakin manya. Mutum ya kan tsaya gaban ƙwaryar 'yar Fulani ya ce a auna masa nono, sa'an nan ya ƙara da cewa, "Amma fa wanda aka cire wa mai, likita ya hana ni maiƙo." Ita kuwa sai ta ce, "To, Alhaji, ga tsala." Ya sa a dama masa fura curi biyu, ya zuba sukari cokali huɗu ko biyar don ya kashe tsami, ya shanye, ya tashi yana murna ya bi dokar likita. Alhali kuwa gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago.

Masu wannan hali galibi mutanen kirki ne masu abin hannu: fatake masu kai albasa da bandar kifi kudu, da dillalan shinkafa, da malamai waɗanda su ke wuni a zaure bisa buzu suna biya wa almajirai karatu. Ba ƙyuya ta sa su teɓa ba, zamani ne ya juya. Kafin a gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai, a ta da Gungawa da maƙwabtansu zuwa sababbin garuruwa, mai zuwa cin kasuwa da ƙarfin damtsensa ya ke tuƙa jirgi a Kwara, ko ya taka da ƙafa yana kora jaki. Abin da ya ci da safe kafin azahar ya ƙone. Yanzu inji ke tura jirgi, babur ke kai mutum masallacin da ke bayan gidansa, ciniki kuma da waya a ke ƙulla shi. Aikin jiki ya ragu, akushi bai ragu ba. A da in mutum ya ajiye tumbi sai a ce arziki ya zauna masa. Yau asibiti ta nuna cewa tumbin nan shi ne zauren da ciwon sukari da hawan jini su ke sallama.

To, wanda aka ce ya rage jiki, wanne ya kamata ya zaɓa, abincin da aka cire wa mai ko wanda aka bari da mansa? Amsar da ta fi kusa da gaskiya ita ce, cire mai daga nono ƙaramin al'amari ne. Babban al'amari shi ne abin da aka zuba a gurbin man, da kuma girman ludayin da aka auna.

Tun da masu karatun wannan fili mutanen lissafi ne, sai a yi lissafi. Likitoci suna auna ƙarfin da abinci ke ba jiki da wani awo mai suna kalori, kamar yadda a ke auna hatsi da mudu. Giram 1 na mai yana da kalori 9. Giram 1 na sukari ko garin hatsi yana da 4. Wannan ya sa aka fara tuhumar mai, kuma tuhumar tana da tushe, gama ya ninka su har da ɗoriya. Amma madarar saniya ba mai ba ce zalla. Mai da ke cikinta bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, saura ruwa ne da sauran abubuwan gina jiki. Kofi guda na madara da manta, watau kwatan lita, yana da kalori wajen 150. In injin Turawa ya tace man sarai, sai ya koma wajen 85. Ribar da aka ci ke nan, kalori 65. Ƙaramin cokalin shayi na sukari kuwa kalori 16 ne. Cokali huɗu, kalori 64. Ashe Alhajin nan na kasuwa ya sayar da riba ya sayo hasara daidai wa daida, tun ba a lissafa curin furar da ya ƙara ba. Har ma ribar ba ta kai haka ba, domin kaɗa nono a gora ba ya fitar da mai duka kamar inji. Ga kuma abin da kowa ya sani, da rani in nono ya yi wuya wasu su kan ƙara masa ruwa da garin kuka don ya yi kauri, tsami ya daɗu, mai sha ya daɗa sukari.

Akwai kuma abin da lissafi bai kama ba, amma kowane ciki ya san shi. Abinci mai ɗan maiƙo ya kan daɗe kafin ya bar tumbi. Wanda ya sha ƙaramin ludayi biyu na kindirmo da hantsi ya kan kai la'asar bai nemi kome ba. Wanda ya sha ruwa-ruwan tsala da sukari, kafin azahar ya aiki yaro wurin mai ƙosai.

Wannan gardama ba a ƙasar Hausa ta fara ba. A Amurka, wani masani mai suna Ancel Keys ya soma bincike a ƙasashe bakwai a 1958, ya ga inda a ke yawan cin kitsen dabba nan ciwon zuciya ya fi yawa. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya shawarci jama'a su rage mai. 'Yan kasuwa, da ya ke ba su barci, sai suka cika kantuna da kayan da aka rubuta wa "an rage mai", suka cusa sukari da gari a ciki don kada ɗanɗano ya gudu. Mutanen ƙasar suka yi ta saye, ƙiba kuwa sai ƙaruwa ta yi a shekarun da suka biyo. A 2006 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji na mata fiye da 48,000, waɗanda aka sa wani kashi nasu rage mai har wajen shekara 8. Ba a ga wani bambanci mai ƙarfi ba wajen ciwon zuciya tsakaninsu da waɗanda aka ƙyale. A 2018 kuma Jami'ar Stanford ta raba mutum 609 gida biyu har shekara guda, waɗansu suka rage mai, waɗansu suka rage hatsi da sukari. Na farko suka zubar da kilo 5 da 'yan kai, na biyu kilo 6. Masu gwajin suka ce tazarar ba ta isa a yanke hukunci da ita ba. Abin lura shi ne, duka ɓangarorin biyu an hore su su guji sukari da farin gari, su yawaita ganye, su dafa abinci a gida.

Kada mai karatu ya ɗauka an wanke mai ke nan daga dukan laifi. Likitoci suna da saɓani a kan man nono, kamar yadda malaman fiƙihu su kan saɓa a mas'ala, amma akwai wurin da suka haɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta sake jaddada cewa mai kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na ƙarfin abincin babban mutum a yini, mai irin wanda ke daskarewa kuwa, kamar man shanu da kitse da tozo, kada ya wuce kashi 10. Wanda aka auna jininsa aka ga kitse ya yi yawa, ko ya taɓa ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, nasa hukuncin yana hannun likitan da ya duba shi, kuma in an ce ya sha tsala, ya sha tsala, amma ba da sukari ba.

Man da ya fi cancanta a sa wa ido a ƙasar nan ba a ƙwaryar 'yar Fulani ya ke ba. Yana cikin kasko. Babban cokali guda na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, watau kusan ninki biyu na ribar da aka ci wajen cire man kofin nono. Mai karatu ya tuna yadda a ke kwarara mai a kan shinkafa da wake, da yadda waina ke iyo a tanda, da yadda mai tsire ke yayyafa mai bayan ƙuli. Ya tuna buɗa baki a watan azumi, inda ƙosai da soyayyar doya da fanke su ke haɗuwa a faranti guda, ga kunu ya sha sukari. Mutane da yawa su kan fito daga azumin kwana 29 ko 30 sun fi yadda suka shiga nauyi, su yi ta mamaki. Mai da aka yi ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi kuwa, wannan ba mai neman rage jiki kaɗai ya kamata ya guje shi ba.

Ba a ce a daina mai ɗungum ba. Akwai sinadaran bitamin guda huɗu, A da D da E da K, waɗanda jiki ba ya iya tsotsarsu sai da ɗan maiƙo. Miyar kuka ko zogale da ba ta ga ɗigon mai ba ta rage amfani. Jan manja yana ɗauke da abin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A mai tsare ido, kuma tun 2002 dokar Nijeriya ta tilasta wa masana'antu su ƙara wannan bitamin a man girki da sukari da fulawa. Cokali a ke nema a maimakon ludayi.

Mutanen bakin tafki kuma Allah ya ajiye musu abin da mutanen birni ke saye da tsada. Giwan ruwa da karfasa kifaye ne masu ƙarancin mai, tarwaɗa ta fi su maiƙo, amma man kifi ba irin kitsen sa ba ne, galibinsa ba ya daskarewa. 'Yan ƙananan kifin nan warangi, da a ke shanyawa a ci har da ƙashi, suna ba jiki abin ƙarfafa ƙashi irin wanda a ke nema a nono. Abin takaici, kifin da ya fito ruwa da lafiyarsa sai a tsoma shi a tafasasshen mai ya sha ya ƙoshi, sa'an nan a ce kifi ke sa ƙiba. Gashi da banda da farfesu sun wadatar. Fatake su kan loda mafi kyawun banda a mota zuwa kudu, su kuma su tsaya a tasha su ci burodi da shayi.

Shayin nan ma akwai magana a kansa. Madarar gwangwani mai kauri mai zaƙi wadda mai shayi ke tsiyayawa, kusan rabinta sukari ne. Garin madara mai araha da a ke aunawa a ƙulla a leda kuwa, da yawansa an cire masa man saniya tun a Turai, an sayar da man da tsada can, an zuba man kwakwar manja da aka tace a gurbinsa. Shigowarsa Afirka ta Yamma ta ƙaru bayan 2015, shekarar da ƙasashen Turai suka ɗage iyakar da suka sa wa manomansu ta yawan madarar da za su tatsa. Wanda ya saye shi da zaton yana gudun maiƙo bai guje shi ba, musanya aka yi masa bai sani ba. Ɗan kasuwa da ba ya karɓar buhun albasa sai ya kwance bakinsa ya duba ƙasa, bai kamata ya sha abin gwangwani ba sai ya sa ɗan makaranta ya karanta masa abin da aka rubuta a jikinsa. Haka lemon kwalba: ƙaramar kwalba guda tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9, babu ɗigon mai a ciki, amma ƙarfinta ya yi daidai da kofin kindirmo, ba ta kuma ƙosar da kowa.

Malamai ba su bukatar a koya musu wannan babi, gama su ke karantar da hanin israfi a ci da sha, su ke kuma kawo hadisin da ya raba ciki kashi uku. Abin da a ke roƙo gare su shi ne su lura da wani kuskure da ke shiga gidaje. Maigida in an hana shi mai, sai ya hana a sa a tukunyar gida duka, yara su shiga dokar da ba tasu ba. Yaro mai girma yana bukatar mai fiye da babba. Wanda bai kai shekara 2 ba ba a ba shi nonon da aka cire wa mai, balle madarar shayi, jariri kuwa nonon uwa kaɗai ya ishe shi har wata 6. A ƙauyukan Shanga da Ngaski, yaran da rama ta kama sun fi masu teɓa yawa nesa ba kusa ba. Kindirmon da Alhaji ya rage, in ya shiga ƙoƙon almajiri ko na mai shayarwa, ya je inda a ke bukatarsa.

Wanda ya ke son ya san ko yana cikin masu bukatar ragewa, ba sai ya hau sikelin buhu ba. Ya sami igiya, ya auna tsawonsa daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, ya yanke, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa da ita daidai saman cibiya. In bakin igiya ya haɗu, ya gode Allah ya ci gaba da kindirmonsa da awo. In bai haɗu ba, ya fara da sukarin fura da shayi da lemon kwalba, ya sa a riƙa auna man girki da cokali, ya rage malmalar tuwon dare, ya taka zuwa kasuwa da masallaci da ƙafa. Ya rataye igiyar a ƙusa, ya sake gwadawa bayan wata uku. Ko ta matso ko ba ta matso ba, ranar da ya shiga Yelwa cin kasuwa ya biya asibiti a auna masa jini da sukari.