Maiganga: Wa zai cike ramin kwal?

A Maiganga, ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ba a kutsawa ƙarƙashin ƙasa neman kwal kamar yadda aka yi a Enugu. Daga sama ake yaye ƙasa: katafila ta kwashe ƙasar noma, a kawar da laka da duwatsun da suka rufe kwal ɗin, sannan a loda shi zuwa masana'antar siminti ta Ashaka. Hanyar ta fi arha, ba a musu. Amma sai da aka tashi ƙauye guda kafin ta yiwu.

Gyaran irin wannan fili tun ranar farko yake farawa. Muddin ba a tara ƙasar saman nan mai albarka a gefe ba, ta cakuɗe da tarkace, ko an cike ramin gero ba zai yi ba. Ruwan da ya ratsa tarkacen kwal kuma yakan gurɓace, ya bi ƙasa ya iske rijiyoyi.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa masu haƙa gyara filin, ta kuma tanadi asusun da za su riƙa zuba kuɗin aikin. A Amurka, tun 1977, sai kamfani ya ajiye kuɗin jingina kafin ya fara haƙa.

A Disambar 2024 Holcim ya sanar da sayar wa Huaxin na Sin hannun jarinsa a Lafarge Africa, uwar kamfanin Ashaka. An ji farashi. Abin da ya kamata 'yan majalisar Gombe su tambayi Ma'aikatar Ma'adinai shi ne nawa aka ajiye don ramin Maiganga, kuma a hannun wa.