Ra'ayinmu: A Janye Ƙarya, Amma Ba da Ankwa Ba

Ya zama ruwan dare a Najeriya lauya ya aika wa jarida, gidan rediyo ko mai rubutu a Facebook takardar gargaɗi: a janye abin da aka wallafa cikin kwana bakwai, a nemi afuwa a bainar jama'a, in ba haka ba a haɗu a kotu kan diyyar biliyoyin naira. Wasu na ganin wannan kare mutunci ne, wasu kuma na cewa toshe bakin jama'a ne. Kowane ɓangare na da abin kamawa.

Wanda aka yi wa ƙage yana da haƙƙi, domin magana zarar bunu ce. Idan aka ce mutum ya cinye dukiyar marayu alhali bai ci ba, 'ya'yansa ne za su sha gori a makaranta, abokan kasuwancinsa kuma su ja baya. Shari'ar Musulunci ta tanadi bulala 80 ga mai ƙazafin zina. Sashe na 39 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki, amma sashe na 45 ya yarda a yi dokar da za ta kare haƙƙin wasu. Don haka neman a janye ƙarya ba zalunci ba ne.

Matsalar tana farawa ne idan aka sako 'yan sanda. A 2020 Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tauye 'yancin magana. An gyara sashen a 2024, amma kame bai tsaya ba. A Disamban 2024 aka ɗauke lauya Dele Farotimi daga Legas zuwa Ekiti bisa ƙorafin lauya Afe Babalola kan wani littafi da Farotimi ya rubuta. Ya kwana a gidan yari, daga baya sarakunan Yarbawa suka sa baki aka janye tuhumar, ba tare da shari'ar ta kai ga tantance gaskiya ba.

Amma akwai wata hanyar: a 2024 dai, gwamnatin tarayya ta kai jaridar Daily Trust gaban hukumar sauraren ƙorafi kan kafafen yaɗa labarai saboda rahotonta game da yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu. Hukumar ta ce rahoton ba daidai ba ne, jaridar ta nemi afuwa, ba a kulle kowa ba.

Matsayinmu shi ne: wanda aka ɓata wa suna ya bayyana ainihin kalaman da yake cewa ƙarya ne, ya kawo hujja, ya nemi gyara. In an ƙi, ya shigar da ƙarar neman diyya daidai da ɓarnar da aka yi masa. Jaridar da ta yi kuskure a shafin farko ta gyara a shafin farko, wadda ke da hujja kuma ta tsaya a kanta.

Muna kira ga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su cire ɓata suna daga jerin laifukan da ake ɗaure mutum a kansu, kamar yadda Ghana ta yi a 2001. Alƙali ne ke wanke suna, ba ɗakin tsare masu laifi ba.