Kwanbata Rufaffiya Ce, A Sayar Da Ita Da Sharaɗin Gwaji

Magana ce a kan motoci masu giya otomatik da karkarwar da ke haɗa mai saye da mai sayarwa faɗa.

Tun 1975 da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, garin nan ya saba da giyar hannu. Kuloci ya lalace, bakanike ya kwance, kowa ya gani da idonsa. To, yau 'yar Beljiyam otomatik ta cika gari, ita kuwa sha'aninta dabam.

Tsakanin inji da giya akwai wata tukunyar ƙarfe cike da mai, ita ce kwanbata. Man nan ne ke kai ƙarfin inji ga giya, shi ke shanye girgiza. Sai dai yana jawo shan fetur. Saboda haka a 1978 kamfanin Chrysler na Amurka ya dawo da dabarar sa ƙaramin kuloci a ciki, wanda in mota ta miƙa hanya sai ya kulle inji da giya. Da ya kulle, bugun inji zai bi ƙarfe ya iso kujerar direba. Maganinsa wasu sifirin da aka jera a kewaye cikin tukunyar, su ke tare bugun. In sun gaji, ko fatar kulocin ta cinye, ko man ya ƙone, sai mota ta kama rawa kamar ta hau gargada.

Ga inda gizo ke saƙa. Kwanbata a walde take, ba mai ganin cikinta. Mai lafiya da matacciya kamarsu ɗaya a kan tebur. Mutum ya biya, ya biya bakanike ya sauke giya ya mayar, ya sayi mai, sa'an nan ya tarar da rawa na nan. Ya dawo, a ce masa ai ciniki ya faɗa.

Ra'ayina, kada a sayar da kwanbata ko mota otomatik sai da sharaɗin gwaji, a rubuce, kwana kaza. Malamai sun faɗa, aibin da aka ɓoye yana mayar da ciniki.

Gwajin ba wuya. A wuce Kawo a hau hanyar Zariya, giya ta yi zafi, a riƙe gudu kamar kilomita 60 zuwa 80, a taka totur kaɗan. In ta yi rawa, a taɓa birki da ƙafar hagu ba a saki totur ba. Rawa ta tsaya nan take, a tuhumi kwanbata. In kuwa a tsaye take karkarwa, a fara duba fulogi da injin sit.

Ku kuma masu sayar da mai, jan launi ba shaida ba ne. Mai shan Dexron dabam, Toyota mai neman WS dabam, Honda da nata. Ku tambayi irin motar kafin ku miƙa galan.

Wani zai ce sharaɗi zai rage riba. Gaskiya ne, kaya za su dawo wani lokaci. Amma wanda aka mayar wa kuɗinsa shi ke kawo ƙaninsa gobe. Shugabannin layi su zauna su tsayar da kwanakin, kowa ya bi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalam.