Wata 26 A Kulle, Ko Kare Ne Ya Yi Yawa

'Yan'uwa, duk inda muka zauna bayan an tashi daga sujada, hirarmu ɗaya ce: an ɗauke wuta, kwanon masara ya tashi, lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, mai gida ya ƙara kuɗin haya. Wannan kuka gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Mun kuma san wani dattijo zai ce, "Mutane ba su ƙoshi ba, ku kuna zancen kare?" Muna roƙo a ba mu kunne kaɗan, gama akwai abin koyo a cikin maganar.

Labarin ya faru a birnin Belfast, a Ireland ta Arewa. A watan Mayu 2010 ma'aikatan hukumar birnin suka je wani gida suka tafi da wani kare mai suna Lennox. Ba cizo ya yi ba. Akwai dokar 1991 wadda ta hana ajiye irin karen da ake kira pit bull, ana kuwa gane shi ne ta siffa da awon jiki, ba ta abin da ya aikata ba. Aka auna Lennox, aka ce irinsu ne. Masu shi suka ce ba haka ba ne, maganar ta kai kotu.

A 2011 kotu ta ce a kashe shi. Aka ɗaukaka ƙara, aka sāke ɗaukakawa, har watan Yuni 2012 da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin. Mutane daga ƙasashe dabam dabam suka yi roƙo, waɗansu suka ce za su ɗauke shi zuwa Amurka. Shugaban gwamnatin yankin na lokacin, Peter Robinson, shi ma ya sa baki a nemo masa gida a wani wuri. Duk da haka, ran 11 ga Yuli 2012 aka kashe shi. Yana da shekara 7. Watau kusan kashi ɗaya cikin uku na ransa ya ƙare a ɗakin tsaro, a wurin da aka ɓoye wa iyalin da suka rene shi.

Ba mu ce hukumar ba ta da hujja ba. Gwanin da ta kawo ya shaida cewa karen yana da haɗari, kuma duk wanda ya taɓa ganin yaron da kare ya yayyaga ba zai ɗauki maganar da wasa ba. Waɗanda suka riƙa yi wa ma'aikatan barazana da sunan ƙaunar dabba kuwa sun yi mugun abu, ba mu tare da su ko kaɗan.

Damuwarmu ita ce jinkirin. Idan karen mai haɗari ne, wata 26 ba su ƙara wa kowa tsaro ba. Idan ba mai haɗari ba ne, an hore shi a banza. Kare dabba ce mai son jama'a da yawo. In ka kulle shi shi kaɗai, tsoro da fushi sukan shige shi, har mai lafiyar hali ya zama abin gudu. Daga nan sai a nuna shi a ce, "Ga shi, dama mun faɗa." Lauyoyi sun san ranar da za a sāke zama, masu shi sun san abin da suke jira. Shi kuwa bai san kome ba sai bango. Wanda ya kama mai rai, wajibi ne ya yanke maganarsa da sauri, domin tsarewa marar ranar ƙarewa ita kanta hukunci ce.

Kafin mu nuna Belfast da yatsa, bari mu leƙa bayan ɗakunanmu. Da yawa cikinmu muna da karen gadi. Nawa ne suke wuni a sarƙa cikin rana, ba ruwa a kasko? Akuyar maƙwabci ta shiga gona, mun ɗaure ta kwana da kwanaki muna jiran a biya ɓarna, mun manta cewa ita ba ta san bashi ba. Mu da muke kuka idan takardarmu ta kwana wata uku a teburin wani, mun fi kowa sanin zafin jira. Bambancin kawai, mu muna da bakin yin ƙorafi.

Saboda haka, iyaye da dattawa, ga roƙonmu. A kwance kare ya miƙe ƙafa kowace rana, a ba shi inuwa da ruwa, a yi masa allurar ciwon haukan kare. In an kama dabbar wani, a sasanta kafin rana ta faɗi. In kare ya zama abin tsoro, a kira likitan dabbobi a yanke shawara, kada a bar shi ya ruɓe a ɗaure. 'Ya'yanmu suna kallon yadda muke yi da marar baki, daga nan ne kuma suke koyon yadda za su yi da marar ƙarfi.

Allah ya ba mu zuciyar tausayi.